Inda Mai Tayil Yake Ajiye Mota

"Kalle ni nan, Auta," in ji Yaya. "Ke kike matsar da tukwanen?"

Na ce waɗanne tukwane, ina ta gyara zaman filon da babu abin da ya same shi.

Ta sauke gefen mayafin da ta toshe hanci da shi don in ga fuskarta da kyau, wari ya buge ta, ta yi maza ta mayar. Ta cikin mayafin ta ce ita fa ma'aikaciyar jinya ce, ta saba da marasa lafiyan da ke rantsuwa sun sha magani alhali ƙwayar tana ƙarƙashin katifa, don haka kada in ɓata mata lokaci. Tun da mai gyaran famfo ya ambaci nauyi ta ga na ƙware da shayi, kuma a iya saninta shayi bai taɓa ƙware ni ba.

Masu karatu, ku matso kusa, amma ku riƙe numfashi. Gidanmu a kwanakin nan ba gidan da ake shiga da buɗaɗɗen hanci ba ne.

Abin ya fara ne daga kicin. In ka zubar da ruwan wanke-wanke, sai ka ji bututu yana ƙugi kamar tsoho na kurkure baki. Muka yi dariya, muka sa masa suna Kaka. Daga nan ruwan wanka ya fara nawa, ya taru a idon sawu yana kallonka kana kallonsa. Ranar da dariya ta ƙare ita ce ranar da na ja ruwa a banɗakinmu, sai na ji Umma ta saki salati daga nata banɗakin. Abin da na tura ta nan, ta can ya ɓullo, baƙi ƙirin, har da ƙwayoyin shinkafar jiya suna iyo a kai kamar sun dawo ziyara.

Tun daga ranar muke rayuwar bokiti. A wanke kwano a baho, a kinkimi ruwan a kai bakin titi. Wanka sai a gidan Yaya, mu jera da jakunkunan soso kamar 'yan gudun hijira. Umma ta ƙone duk turaren da ta ɓoye don baƙi, sai ƙamshi da wari suka haɗa kai suka haifi wani abu na uku da ya fi su duka muni. Kyanwarmu ma ta tattara ta koma maƙwabta, ko waiwaye ba ta yi ba.

Mai gyaran famfo ya zo da doguwar wayarsa, ya zura nan ya zura can, ya fasa rabin daɓen banɗakin Umma, sannan ya miƙe ya karkaɗe hannu ya ce ashe matsalar ba a ciki take ba. Babban bututun da ke kwashe ƙazantar gida ya kai magudanar bakin layi ne ya karye, a ɗan filin da ke gefen katangarmu, ƙarƙashin tagar kicin. Abu biyu ke karya irinsa, in ji shi: ko saiwar itace ta shige shi, ko nauyi ya danne shi daga sama. Sai an haƙa za a sani.

A nan ne shayi ya bi mini ta hanci.

Babanmu tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne, kuma har yau gidansa tasha ce a wurinsa. Komai da layinsa, komai da alamarsa, kuma ba ya bayani. A wannan ɗan filin ya jera manyan tukwanen fulawa tun ina firamare, a miƙe sambal kamar sojoji. Bai taɓa cewa bututu ne a ƙasa ba, bai taɓa cewa bututun ba shi da zurfi ba. Cewa kawai ya yi kada a taɓa. Ni wallahi na ɗauka ado ne.

Don haka da aka ce nauyi, Baba ya yi murmushin mutumin da ya san aikinsa. Ya ce ko keke bai taɓa hawa wurin ba, tukwanensa suna nan inda ya bar su, kullum da safe yana duba su. Saura saiwa ke nan. Ya juya a hankali ya dubi mangwaron Hedimasta, maƙwabcinmu kuma amininsa, wanda rassansa suka leƙo ta kan katanga suna ba mu inuwa da 'ya'ya tun kafin a haife ni.

Yanzu bari in gaya muku wanda ya fi keke nauyi.

Sunansa a gidanmu Mai Tayil. A wayata kuwa Anti Mai Ɗinki, kada ku tambaye ni. Na fara ganinsa ne ranar da na raka Umma shagonsa, ta nuna wani tayil mai ƙyalli kamar madubi, shi kuma ya girgiza kai ya ce kada ta saya, santsi gare shi, ba ya son ya ji labarin ta faɗi. Umma ta ce ba ta taɓa ganin ɗan kasuwa mai korar ciniki ba. Ni kuwa, a lokacin ya yi murmushi, wushiryarsa ta bayyana, na manta da abin da ya kawo mu. Dogo ne, mai sanyin murya, in zai yi magana sai ya ɗan sunkuyo kamar kalmar tana da nauyi yana tsoron ta faɗo maka a ƙafa. Na karanta labaran soyayya har idona ya fara neman tabarau, amma babu wanda ya gargaɗe ni cewa zuciya tana iya tsayawa a kan mutumin da ke bayanin santsin daɓe.

Da ya fara zuwa wurina, a bencin ƙofar gida muke zama, daidai tagar falon Baba. Da an ɗan jima sai Baba ya yi tari. In muka yi dariya ya yi tari biyu. Ranar da Mai Tayil ya ce launin mayafina ya yi masa kyau, labule ya motsa, rediyo ya yi shiru. Na ce a raina a haka sai mu tsufa ba mu gama jimla ɗaya ba.

Sai na gano gefen gida. Babu tagar Baba, ga inuwar mangwaro, ga tagar kicin da zan tsaya kamar ina wanke kofi. Tukwane ne kawai suka tare wurin. Da yamma, in Baba ya zauna jin labarai, sai in fita da butar ban ruwa, in mirgina su jikin bango ɗaya bayan ɗaya. Wannan ce alamarmu: in ya shigo layi ya hango tukwane a gefe, hanya a buɗe take. Ya faka farar motarsa ta ɗaukar kaya daidai taga, ya sauke gilas, mu yi hirarmu, fuskata da tasa ba su fi tsawon hannu ba. In ya tafi in mayar da kowace tukunya cikin zoben da gindinta ya bari a ƙasa, in share sawun taya da tsintsiya. Kuma da yake da yamma yake lodin kayan da zai kai da sassafe, motar nan kullum cike take zuwa, har gindinta na neman taɓa ƙasa.

Har yaba mini Baba ya yi. Ya ce wa Umma duk gidan nan Auta ce kaɗai ta san darajar fulawa.

Duk wannan na zayyana wa Yaya a ɗaki, ina murza gefen zanin gado. Ta yi dariya har ta zame daga bakin gado, ta manta da wari, hawaye na zuba, tana cewa soyayya ta fasa masai. Sai kuma ta tsaya cak, don ta tuna abin da ni ban taɓa mantawa ba. Asabar mai zuwa ce Baba ya yarda, bayan dogon lallashin Umma, Mai Tayil ya shigo falo su gaisa. Kuma Baba ya faɗa a gaban kowa cewa duk wanda ya jawo masa wannan wulakanci a gidansa, ko gaisuwarsa ba zai ƙara amsawa ba. Ya riga ya fara da Hedimasta. Sun daina shan shayi tare, sun daina musun labarai, har ya aika a nemo mai zarto.

Yaya ta ce in ɗinke bakina. A bari Baba ya zauna da yaron, ya ga hankalinsa, ya so shi, daga baya gaskiya ta fito a hankali kamar yadda ake cire bandeji. Na ce itacen Hedimasta fa, da bai ci ba bai sha ba?

"Mangwaro za ki aura ko mutum?" in ji ta.

Ta ƙara da cewa shi ma kada in gaya masa, don ta lura da shi: in ya sani, kafin ya gama sallama zai tona kansa. Gaskiyarta ce. Wannan mutum ne da ya taɓa dawowa daga bakin titi don ya gaya mini cewa da ya ce ya ci abinci, biskit kawai ya ci.

Na ɗauki waya na rubuta wa Anti Mai Ɗinki.

"Ranar Asabar kada ka shigo layinmu da mota."

"Laifin me ta yi?"

"Babu. So nake in ga tafiyarka."

"Kin ce ina tafiya kamar mai auna fili."

"Ita nake son gani."

Ya turo fuskar dariya da zuciya ja, sannan ya ce to, zai bar ta a bakin titi, sai fa in na tausaya masa na buɗe hanya. Na ce ba zan buɗe ba. Ya tambayi lafiyar banɗakin Umma, don na taɓa yi masa ƙorafin fasa daɓen, ya ce in turo masa hoto ya gani, sha'awar sana'a ce kawai. Na tura. Ya ce yana da abin da zai sa Baba ya so shi tun kafin ya zauna. Na ce mene ne, ya ce sirri. Na rungume wayar a ƙirji ina birgima a kan gado, na manta ni mai laifi ce. Haka nake. Tsoro ya kama ni minti ɗaya, minti na gaba ina zaɓen sunayen 'ya'ya.

Asabar ta zo da rana mai kyau kamar ba ta san abin da ke ƙarƙashin ƙasa ba. Tun da safe Umma ta sa muka wanke labule, muka goge gilasan taga, muka toshe ƙasan ƙofar banɗaki da tsofaffin tawul. Ta so a ɗage zuwan, Baba ya ce jirgi ba ya canja lokaci don an yi ruwa. Na yi wanka a gidan Yaya na dawo a tasi, don kada ƙura ta taɓa ni. Na sa doguwar rigata ruwan zuma mai ƙananan duwatsu a wuya, mayafi ruwan madara, 'yan kunnen Umma masu kamar ɗigon ruwa. Yaya ta ja mini kwalli tana cewa in daina ƙifta ido kamar ɓarauniya. Na fesa turare har sau ban san adadi ba, kyanwa da ta leƙo ta yi atishawa ta koma.

Ina kicin ina jera kofunan baƙi a faranti na ji muryoyi a gefen gida. Na ɗaga labule kaɗan. Hedimasta ne tsaye a bakin ƙofarsa da jarida a hammata, yana cewa itacen nan ya girmi katangar da ake magana, kuma saiwarsa tana da tarbiyya. Ga mai zarto zaune a kan dutse yana jiran a gama ya san ko da aiki. Mai gyaran famfo ya zo ya ce a share masa wuri, ya tafi ɗauko diga, bai dawo ba. Baba kuwa, da hannunsa, da farar rigarsa ta tarbar baƙo, ya gama mirgina tukwanen nan kaf ya jera su jikin bango.

Daidai inda nake jera su.

Ban gama fahimtar abin da idona ke gani ba na ji ƙarar injin da zan gane ko a cikin motoci dubu. Farar motar ta tsaya a bakin layi, kamar mai tunani. Na ga kansa ya leƙo ta taga. Na ga lokacin da ya hango tukwanen. Jama'a, daga nan inda nake na ga wushiryar nan ta buɗe.

Na fizgi waya na kira. Ba ya ɗauka in yana tuƙi, ni na sani, har yabonsa na sha yi a kan haka. Na ɗaga hannu ina kaɗawa ta taga, ina nufin koma, koma. Ya ɗago nasa hannun ya kaɗa mini, cike da murna.

Motar ta shigo a hankali, gindinta a ƙasa fiye da kullum. Baba da Hedimasta suka ja da baya suna kallon ikon Allah. Ya juya sitiyari da gwanintar wanda ya saba, ya daidaita ta ƙarƙashin tagata, ya taka burki. Ƙasar da ta kwana tana shan ruwan gidanmu ta yi wani irin nishi. Sai tayar baya ta nutse, a hankali, cikin ladabi, har motar ta karkace kamar mai gaisuwa. Baƙin ruwa ya ɓulɓulo ta gefen tayar, ya malala, ya zagaye takalmin Baba.

Mai Tayil ya buɗe ƙofa ya sauko. Farin yadi ne a jikinsa, sabo fil, da guga har tana yanka, da hula mai ruwan toka, da agogon da na ce ina so. Ƙafarsa ta farko ta shige har ƙauri. Bai ko duba ba. Ya cire hula, ya rusuna a cikin wannan abin, ya gaida Baba, ya gaida Hedimasta, har mai zarto ya gaisar. Baba bai amsa ba, ƙasa kawai yake kallo.

"Baba, a yi haƙuri," in ji shi da muryar nan tasa mai sanyi. "Ban san wurin ya yi laushi ba. Kullum a nan nake ajiye ta, ba ta taɓa yin haka ba."

Kofin da ke hannuna ya tsira da ikon Allah. Yaya, da ta zo bayana, ta dafa kafaɗata ta ce a kunnena shi ke nan, an yi jana'iza.

"Kullum," in ji Baba. Ba tambaya ba ce, ɗanɗana kalmar yake yi.

Hedimasta ya zare jarida daga hammata, ya shimfiɗa a dakalin ƙofarsa, ya zauna, ya harɗe ƙafa. Kafaɗunsa sai rawa suke.

Baba ya tambaya, a natse, ta yaya mota ke hawa wurin da tukwane suka tare. A nan ne Mai Tayil ya dubi tukwanen, ya dubi ramin, ya dubi baƙin ruwan, ya ɗago ya dubi tagata. Na ga lokacin da lissafin ya haɗu a idonsa. Sai ya ce shi ne yake matsar da su. Shi kaɗai. Babu wanda ya sani. Ya faɗa yana in'ina, kunnuwansa kamar za su kama da wuta, idonsa a kan reshen mangwaro. Ƙarya mafi muni da na taɓa ji a rayuwata, ko yaron goye ba zai saya ba.

Baba ya ce, wato yana cikin mota yake matsar da su kafin ya iso, ko kuwa aiko su yake su matsa da kansu?

Masu karatu, ku yafe mini, amma a wannan lokacin, gida na wari, aurena na nutsewa tare da taya, abin da zuciyata ke rerawa shi ne: ya yi ƙarya saboda ni. Mutumin da ya dawo daga titi saboda biskit. Na ji kamar an kunna fitilu a cikin ƙirjina. Yaya ta riƙe mini mayafi ta baya tana cewa in tsaya, in yi hankali, in bari Umma ta fita. Na zame na bar mata mayafin a hannu, na yafa tawul ɗin goge kofi a kai, na fita ta ƙofar baya da silifas ɗin wanke-wanke.

Na tsaya a gaban Baba.

"Baba, ni ce. Ni nake matsar da su, ni nake mayarwa, ni nake share sawun. Shi bai san da bututu ba, ni ma ban sani ba. Itacen bai yi komai ba."

Na so in tsaya a nan. Bakina ya ƙi. Na ce a benci ba ma iya magana saboda tari. Na ce ina son in ji ƙarshen jimlarsa ne kawai. Na ce ina son sa. A gaban mai zarto na faɗa, da tawul ɗin kofi a kaina.

Umma ta fito ta tsaya a bakin ƙofa, hannu a baki. Baba ya dube ni tsawon lokacin da ya ishe ni in tuna duk laifin da na taɓa yi tun daga yaye. Sannan ya juya, ya taka zuwa wurin mai zarto, ya sallame shi. Ya wuce wurin Hedimasta ya tsaya, hannuwa a baya, ya ce ya zalunci itace, ya zalunci mai itace.

Hedimasta ya share hawayen dariya da gefen hannu. Ya ce itace ya yafe, shi ma zai yafe in an kawo shayi, amma yana da tambaya ɗaya ga tsohon ma'aikacin jirgi: a wace tasha ake kafa alama a ƙi gaya wa ma'aikata ma'anarta? Baba ya buɗe baki, ya rufe. Ban taɓa ganin haka ba. Umma ta juya fuska bango, kafaɗunta su ma suka fara rawa.

Duk wannan Mai Tayil bai tsaya kallo ba. Ya tuɓe rigarsa ta sama ya rataye a madubin mota, ya naɗe wando, ya buɗe bayan motar. Kwalaye ne cike, tayil ɗin banɗakin Umma, launin da ya gani a hoto. Sirrin ke nan. Ya fara sauke su don motar ta yi sauƙi, yana ɗauka yana lumtsuwa a taɓo, yana kaiwa busasshen wuri, yana dawowa. Babu wanda ya sa shi, kuma bai dubi kowa ba, ni ma bai dube ni ba. Singiletinsa ta zama abin tausayi. Mai gyaran famfo ya iso da digarsa a kafaɗa, ya ga mota a rami, ya ce to, an rage masa aikin bincike.

Baba ya dawo ya tsaya a kan kwalayen. Na san wannan tsayuwar. Yana duba jeri ne. Kowane kwali a kan ɗan'uwansa, baki da baki, kusurwa da kusurwa, ko takarda ba za ta shiga tsakani ba, kuma mutumin da ya jera su yana tsaye cikin ƙazanta har ƙauri. Baba ya sa ƙafa ya ɗan tura na ƙasa. Bai motsa ba. Ya yage bakin na sama, ya zaro guda, ya shafa fuskarsa da babban yatsa, ya juya bayansa, ya sake shafawa.

Ya tambaya ko wannan yana da santsi. Mai Tayil ya ce a'a, Baba, ko da sabulu. Baba ya tambaye shi ko ya iya riƙe shebur. Ya ce bai ƙware ba, amma yana koyo da sauri. Baba ya tambaye shi me ya sa ya yi masa ƙarya. Mai Tayil ya sunkuyar da kai ya ce bai kyauta ba, kuma bai iya ba, kuma in aka sake maimaita yau yana jin zai sake yi.

Na rufe ido. Na ji Yaya ta ja numfashi daga taga. Na ce shi ke nan, ya ƙarasa mu da gaskiya bayan ya fara da ƙarya.

Da na buɗe, Baba yana mayar da tayil ɗin cikin kwali, a hankali, yana daidaita bakinsa da sauran. Fuskarsa a ɗaure take tamau, amma akwai wani abu a gefen gashin bakinsa da ke neman ɓallewa, yana danne shi. Ya karkaɗe hannuwa, ya ɗaga murya yadda Umma a ƙofa da Yaya a taga da Hedimasta a dakali duk za su ji.

"Yau babu zaman falo, ba a shigar mini gida da wannan ƙafar. Gobe da safe ya dawo da kayan aiki. Ni da shi za mu haƙe wurin nan mu shimfiɗa sabon bututu, daga bango har bakin layi. In mun kai layi bai gudu ba, ya turo manyansa."